Majinyacin da Ba a Gano Ciwonsa Ba: Tarihin Jinyarsa daga Faris zuwa Aro

A kowane asibiti na duniya akwai wani irin majinyaci da likitoci suka sani sarai, ko da ya ke ba su cika murna da ganinsa ba. Yakan zo da ciwon kai wanda ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko zafin ƙirji, ko jiri, ko kuwa wani abu mai yawo a jiki kamar tafiyar kiyashi. A auna jininsa, a duba fitsari, a ɗauki hoton ƙirji, a tarar kome lafiya lau. A sallame shi, bayan mako biyu ya komo, ko ya zarce wajen wani likita a sake awon tun daga farko. Masu irin wannan hali ba kaɗan ba ne. A 1989 wani likita Ba'amurke, Kurt Kroenke, da abokin aikinsa suka bi takardun majinyata 1,000 na tsawon shekara 3, suka ware koke-koke 14 waɗanda aka fi kawowa, irin su ciwon ƙirji da gajiya da jiri da ciwon baya. Kashi 16 cikin 100 kaɗai suka tarar an gano musu sanadi a jiki.

Tarihin wannan al'amari ya rabu biyu. Akwai neman sunan ciwon da sanadinsa, wanda aka yi fiye da shekara 300 ana yi, har wa yau kuwa ba a gama ba. Akwai kuma wata tambaya mai sauƙin faɗi, watau tun da ba a san ciwon ba, wa zai riƙe mai ciwon? Abin da wannan takarda za ta nuna shi ne, yawancin sauƙin da irin waɗannan majinyata suka samu ta hanyar tambaya ta biyu ya zo, kuma ɗaya daga cikin amsoshinta mafiya kyau a Nijeriya aka ba da ita.

1. Neman suna

Tsohon sunan da Turawa suka ba wannan ciwo shi ne histeriya, daga kalmar Girkanci mai ma'anar mahaifa, gama mutanen da sun ɗauka mahaifar mace ce ke jawo shi. Sunan da kansa ya yanke hukunci cewa ciwon mata ne. A 1682 Thomas Sydenham, babban likitan Landan, ya rubuta cewa in an ɗebe masassara babu ciwon da ya kai shi yawa, kuma yakan kwaikwayi kusan kowace cuta, ya ɗauki kamannin ciwon duk gaɓar da ya sauka a kanta. Ya ƙara da cewa maza ma suna yinsa, sai dai akan sa wa nasu wani suna dabam.

A 1859 Paul Briquet ya fitar da littafi a Faris a kan majinyata 430 da ya duba ɗaya bayan ɗaya. Ya kawar da zancen mahaifa, ya mai da ciwon ga ƙwaƙwalwa, ya kuma lura yawancinsu sun sha wuya a rayuwa, waɗansu tun suna yara. Bayansa Jean-Martin Charcot, wanda ya kama aiki a asibitin Salpêtrière a 1862, ya tsaya a kan cewa shanyewar ƙafa ko farfaɗiyar waɗannan mutane ba ƙarya ba ce: gaɓar lafiyarta ƙalau, aikinta ne ya rikice. Wani baƙo da ya zo daga Biyana ya saurari karatunsa, watau Sigmund Freud, shi da Josef Breuer suka ce a 1895 abin da ya dami rai, aka danne shi, shi ke juyewa ya fito a jiki.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sunaye yana nuna ƙofar da za a tura majinyaci. In mahaifa ce, sai likitan mata. In jijiya ce, sai likitan jijiya. In kuwa rai ne, sai likitan taɓin hankali, wanda majinyacin ba ya yarda ya je wurinsa, domin shi a jikinsa ya ke jin ciwo. Da aikin likita ya rarrabu fanni fanni a ƙarni na 20, sai wannan majinyaci ya zama na kowa, ya kuma rasa mai shi. Ɓarnar da ta biyo baya an auna ta. A 1953 waɗansu likitocin Boston suka kwatanta matan da aka ce suna da histeriya da waɗansu mata tsararsu, suka ga an yi wa na farkon fiɗa fiye da na biyun nesa ba kusa ba, yawanci kuwa a ciki da mahaifa. Kowane mai fiɗa da kyakkyawar niyya ya ɗauki wuƙa, amma ba wanda ya zauna ya ƙidaya tabon da ke cikin matar kafin ya ƙara nasa.

2. Balint da likitan gida

A 1948 aka kafa hukumar lafiya ta ƙasa a Biritaniya, aka ba kowane mutum damar rubuta sunansa wajen likita guda na unguwarsu, ta hannunsa ne kuwa a ke isa ga manyan likitocin asibiti. Ba da daɗewa ba waɗannan likitocin unguwa suka tarar babban rabo na masu zuwa wurinsu ba su da ciwon da aka koya musu a makaranta.

Michael Balint, likita mutumin Hangare wanda ya yi ƙaura zuwa Ingila a 1939, shi da matarsa Enid suka fara tara irin waɗannan likitoci a asibitin Tavistock na Landan wajen 1950. Kowane mako a zauna, likita guda ya kawo labarin majinyacin da ya gagare shi, sauran su tattauna. Littafin da ya fito daga wannan zama a 1957 ya ƙunshi abubuwa biyu da suka shafi wannan magana. Na farko, Balint ya ce maganin da a ke bayarwa fiye da kowane magani shi ne likitan da kansa, watau zamansa da sauraronsa da irin amsar da ya mayar, amma ba littafin da ya faɗi ma'auninsa ko illarsa. Na biyu, ya bayyana wani hali da ya kira haɗin bakin ɓoye mai alhaki. Likitan unguwa ya tura majinyaci ga gwanin zuciya, wannan ya rubuto cewa zuciya lafiya, ya ba da shawara a gwada gwanin ciki. Gwanin ciki ya ce a buɗe a gani. Mai fiɗa ya buɗe domin an roƙe shi. An yanke manyan shawarwari a kan ran mutum, in kuwa aka tambayi wanda ya yanke su, kowa sai ya nuna na kusa da shi.

Shawarar Balint ita ce likitan gida ya ci gaba da riƙe ragamar, gwanaye su zama masu ba shi shawara kurum. Ba shi da ƙididdigar da zai kafa hujja da ita, labarai ne na majinyata. Duk da haka shi ne ya fara kawar da ido daga jikin majinyaci ya duba jerin masu dubansa.

3. Ƙauyukan Aro

A cikin waɗannan shekaru ne aka tarar da matsalar ta wata fuska a Yammacin Nijeriya. Gidajen mahaukata na zamanin mulkin Turawa, irin na Yaba a Ikko da na Kalaba, wuraren tsarewa ne, ba a yin wani maganin kirki a ciki. Ra'ayin da ya yi ƙarfi a lokacin kuwa shi ne na J. C. Carothers, wanda ya yi aiki a Nairobi, ya kuma rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya littafi a 1953 a kan hankalin mutumin Afirka. A ganinsa ciwon damuwa mai tsanani bai cika kama baƙar fata ba.

Thomas Adeoye Lambo, haifaffen Abekuta a 1923, ya yi karatun likita a Birmingham, ya ƙware a kan taɓin hankali a asibitin Maudsley na Landan, ya komo gida a 1954 aka ba shi sabon asibitin Aro, kusa da garinsu. Ya iske ginin bai kammala ba. Maimakon ya zauna jira, sai ya nemi dagatan ƙauyuka 4 da ke kewaye, suka daidaita a riƙa saukar da majinyata a gidajen mutane ana biyan haya. Sharaɗi guda ya kafa wanda ba a ɗagawa: kowane majinyaci sai ya zo da ɗan'uwa, uwa ko 'yar'uwa ko gwaggo, wanda zai yi masa girki da wanki, ya raka shi asibiti da safe, ya komo da shi da yamma. Malaman jinya suna nan cikin ƙauye dare da rana. Mutanen ƙauye suka samu ruwan famfo da rancen ƙara ɗakuna, dattawansu kuwa suna zama da ma'aikatan asibiti a shawarta abin da ya taso. Har wa yau Lambo ya jawo waɗansu masu maganin gargajiya na Yarabawa ya yi aiki tare da su, abin da bai yi wa hukuma daɗi ba. Ba shi kaɗai ya bi wannan hanya ba: a Sudan, Tigani El Mahi ya riga ya fara hulɗa da malaman addini masu ba da magani, ya kuma yi nazarin zar, wadda ta yi kama da bori.

Wajibi ne a faɗi cewa an kafa Aro ne domin masu taɓin hankali, har da masu hauka tuburan. Amma abin da ya yi ta shigowa ta ƙofarsa ya haɗa da ɗimbin mutane masu kukan jiki: zafi a tsakar ka, abu mai rarrafe a ƙarƙashin fata, nauyin ƙirji, ƙara a kunne. A 1960 Raymond Prince, likita mutumin Kanada wanda ya yi aiki a Aro, ya bayyana wani ciwo na 'yan makaranta da masu shirin jarrabawa, wanda su da kansu su ke kira da Turanci gajiyar ƙwaƙwalwa. Yaro ya buɗe littafi sai kai ya ɗauki zafi, wuya ya sage, ido ya dushe, ya karanta layi ya kasa kama ma'anarsa, awo kuwa bai nuna kome ba. Prince ya zaci ciwo ne na musamman na ɗan Afirka da karatun boko ya yi wa nauyi. Masu bincike na baya suka nuna yawancinsa fargaba ce da damuwa, sunan ma tun ƙarni na 19 yana bakin likitocin Ingila, suna faɗinsa a kan nasu masu aikin ƙwaƙwalwa.

A 1961 Lambo da Alexander Leighton na Jami'ar Cornell suka shiga ƙauyukan Egba da garin Abekuta suna tambayar mutane gida gida, suka kwatanta abin da suka samu da na wata gunduma a Kanada. Littafinsu na 1963 ya nuna alamun damuwa suna nan da yawa a cikin Yarabawa, sau da yawa kuwa tare da kukan jiki su ke zuwa. Ashe abin da Carothers ya ce babu yana nan, likitan da bai ji harshen ba, bai kuma san gidan ba, shi ne bai gan shi ba.

Abin da Aro ya ƙara a kan Balint shi ne wannan. Balint ya ƙidaya likitoci kaɗai, Lambo kuwa ya san majinyaci ba ya isa asibiti sai ya biya ta hannun masu magani da yawa, in ya fita kuma can zai koma. Mutum guda ne ya ga tafiyar duka, watau ɗan'uwan da ke raka shi, ya san abin da aka sha da abin da aka sayar aka biya. Lambo ya ɗauki wannan mutum ya sa shi cikin aikin, ya kuma tara masu maganin wuri guda, don kada wannan ya warware abin da wancan ya ƙulla. Tsarin bai dawwama yadda aka kafa shi ba. Lambo ya koma Jami'ar Badun a 1963, daga baya ya tafi Hukumar Lafiya ta Duniya, inda ya zama mataimakin shugaba har 1988. Ƙauyukan kuma gari ya cim musu ya haɗiye.

4. Gargaɗin Slater da wasiƙar Arkansas

Akwai hujja mai ƙarfi a kan duk wanda ya ce a rage awo. A 1965 Eliot Slater ya bi sawun majinyata 85 waɗanda aka ce suna da histeriya a babban asibitin jijiya na Landan wajen shekara 9 kafin nan. Ya tarar da yawa daga cikinsu cutar jiki ta bayyana gare su, waɗansu har sun mutu. Ya yanke cewa sunan histeriya mayafi ne da likita ke rufe rashin saninsa da shi. Tarihi ya ba shi gaskiya a wurare da dama. Gyambon ciki an daɗe ana ɗora shi a kan damuwa da zafin rai, sai a farkon shekarun 1980 Barry Marshall da Robin Warren na Ostareliya suka nuna ƙwayar cuta ce ke haddasa yawancinsa.

Maganar Slater ta tsorata likitoci ƙwarai, har suka gwammace su yi awo goma na banza da su kuskure guda. Sai a 2005 Jon Stone da abokan aikinsa na Edinbara suka tara bincike 27 suka lissafta. A binciken shekarun 1950, kashi 29 cikin 100 na waɗanda aka ce ba su da cutar jijiya daga baya an tarar suna da ita. Tun daga shekarun 1970 kuwa abin ya tsaya wajen kashi 4. Kuskuren bai ƙare ba, amma ya ragu har ya zama ba ya wuce na sauran cututtukan jijiya.

Yadda za a tsare majinyaci daga wuƙar banza ba tare da an yi sakaci da cutar da ke ɓoye ba, a jihar Arkansas ta Amurka aka gwada shi. A 1986 G. Richard Smith da abokansa biyu suka ba da labarin majinyata 38 masu yawan kukan jiki, waɗanda kuɗin maganinsu ya ninka na sauran jama'a wajen sau 9. Ba su ba su wani sabon magani ba. Wasiƙa suka rubuta wa likitan kowannensu, ga abin da ta ƙunsa. Likita guda shi zai riƙe majinyacin. Ya sa masa ranar zuwa kowane mako 4 zuwa 6, ko da ciwo ko babu, don kada sai ya kawo sabon kuka kafin a saurare shi. Kowane zuwa ya duba jikinsa da hannu, ya kula da gaɓar da ya ke kuka da ita. Kada ya aika shi awo ko fiɗa ko kwanciya asibiti sai in wata alama ta zahiri ta bayyana. Kada kuma ya ce masa ciwon a tunaninsa kaɗai ya ke. Kuɗin da a ke kashewa a kan waɗanda aka rubuta wa likitocinsu ya ragu da kashi 53 cikin 100, yawanci domin raguwar kwanciya asibiti, lafiyarsu kuwa ba ta taɓarɓare ba. Da aka maimaita gwajin a 1995 a kan masu ciwo mai sauƙi, har ƙarfin jikinsu aka ga ya ƙaru.

In an lura, wasiƙar ta amsa wa Slater ma. Likitan da ke ganin mutum kowane wata, ya san yadda jikinsa ya saba, shi ya fi kowa saurin gane ranar da wani abu sabo ya ɓullo.

5. Magani da jinya

Sunaye dai ba su daina canzawa ba. A 1980 likitocin taɓin hankali na Amurka suka cire histeriya daga jerin cututtukansu, suka rarraba ta. A 2013 suka daina sharɗanta cewa sai an rasa sanadi a jiki, suka mai da hankali ga yawan wahalar da ciwon ke ba mai shi. Jerin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya wanda ya fara aiki a 2022 ya bi wannan hanya, kwamitin da ya tsara wannan sashe kuwa Farfesa Oye Gureje na Badun ne ya shugabance shi.

Wani bincike na Hukumar, wanda aka yi a wurare 15 cikin ƙasashe 14, har da Badun, ya taɓa tushen maganar. Sakamakon da aka fitar a 1999 ya nuna cikin majinyata 1,146 masu ciwon damuwa, kashi 69 cikin 100 kukan jiki kaɗai suka kawo wa likita. Abin ya fi yawa a wuraren da majinyaci ba shi da likita tsayayye, yau ya ga wannan gobe wancan, ya kuma ragu inda kowa ke da nasa. Watau abin da mutum ke faɗi yana bin wanda ya ke gaya wa. Baƙo akan gaya masa ciwon kai. Abin da ya hana barci sai wanda aka saba da shi.

A nan masu nazarin harshe suna da abin cewa. Hausa, kamar sauran harsuna, a jiki ta ke ajiye yawancin abin da rai ke ji: gaba ya faɗi, jiki ya mutu, jiki ya yi sanyi, zuciya ta ɓaci, kai ya ɗauki zafi. Ciwon zuciya yana nufin cutar gaɓar nan, yana kuma nufin baƙin cikin da kishiya ko ɗa ya jawo. Tafintan da ya juya faɗuwar gaba ya ce bugun zuciya ya riga ya tura matar ɗakin gwanin zuciya, alhali ita ta faɗi damuwarta sarai da harshenta. Har wa yau Hausa ta raba magani da jinya. Magani abin da a ke sha ne ko a shafa, ana iya karɓarsa daga wanzami da boka da malami da kantin magani duk a mako guda, kamar yadda Murray Last ya nuna a 1981 game da ƙasar Malumfashi, inda mutane ke zagaya masu magani ba tare da sun damu da sanin sanadi ba. Jinya kuwa zama ce da marar lafiya har ya tashi, mutum guda ko biyu ke yinta. Kalmar mai jinya ma tana hawa kan wanda ke kwance da wanda ke zaune a gefensa, shi ne kuwa a ke tambaya, ya mai jiki?

Abin da Balint ya nema ga likitan unguwa, da abin da Lambo ya sharɗanta a Aro, da abin da wasiƙar Arkansas ta ƙunsa, duk ƙoƙari ne na mai da jinya cikin asibitin da ya ƙware a magani. Wannan ya shafi malaman kwalejin horon malamai kai tsaye, gama ɗalibin da Prince ya bayyana yana nan a kowace makarantar kwana in jarrabawa ta gabato. Tarihin nan ya nuna hanyoyi biyu da a ke cutarsa: a ce masa lalaci ne, ko kuwa a yi ta aika shi daga wannan asibiti zuwa wancan har kuɗin iyayensa su ƙare, shekarar karatu ta wuce. Abin da aka gwada aka ga amfaninsa shi ne a kai shi ga likita guda ya duba shi sosai, a sa malami guda wanda zai riƙa ganinsa a ranar da aka yanka ko da sauƙi ko babu, a kuma sa waɗannan biyu da iyayen yaron su san abin da kowannensu ke yi.